Faifai uku na Charlie Brown da 'yata ta tsinto a shagon gwanjo

Takalmin sanyi na je nemar wa autanmu, don ƙafar yaro ba ta jiran albashi, ga shi Oktoba ta raba, kuma duk wanda ya taɓa yin hunturu ko ɗaya a St. Paul ta jihar Minnesota ya san ba a yi wa sanyin garin nan ganganci. Shagon gwanjo ne babba, daga tukunya har keken yara babu abin da babu. Takalmin ban samu daidai ƙafarsa ba. Muna kan hanyar fita, dab da teburin mai karɓar kuɗi, babbar 'yata mai shekara tara ta tsunduma hannu cikin wani kwando na tsofaffin faifan DVD, ta zaro wani kwali. A jikinsa an zana yaro mai ƙaton kai kamar ƙwarya, da riga ruwan ɗorawa mai baƙin zane kamar haƙoran zarto, ga wani farin kare a gefensa.

"Abba, wannan ne malamarmu take ba mu labari. Don Allah ka saya."

Dala shida aka rubuta. Na biya, muka dawo gida da faifai ba takalmi, na sha kallo daga wajen uwargida.

Fuskokin ba baƙi ba ne a wurina. Shekara shida ina wucewa ta gaban mutum-mutuminsu na tagulla a tsakiyar gari, wajen Landmark Plaza da Rice Park, ina ɗauka ado ne kawai na masu yawon buɗe ido. Sai daga baya na gane mai zanen, Charles Schulz, ɗan garin nan ne. An haife shi a Minneapolis a 1922, ya tashi a St. Paul, mahaifinsa mai aski ne, kuma haka ya mai da uban Charlie Brown, wato yaron nan mai ƙaton kai, mai aski. Zanen barkwanci ne na jarida, galibi 'yan akwatuna huɗu a jere, yana fitowa kullum, wanda ya fara fitowa ranar 2 ga Oktoba 1950 a jaridu bakwai kacal, ya ci gaba har 13 ga Fabrairu 2000. Guda 17,897, duk da hannunsa ya zana, bai ɗauki mataimaki ba, kuma ya rasu ana gobe na ƙarshe zai fito. Sunan zanen Peanuts, wato gyaɗa. Ni da aka raina da labarin dalar gyaɗa a Kano na zauna ina jiran in ga ko ƙwara ɗaya, shiru. Ashe kamfanin da ke rarraba zanen ga jaridu ne ya laƙaba sunan, shi Schulz har ya koma ga Allah bai so shi ba.

Abin da ke cikin kwalin shi ne katun uku da aka yi wa talabijin daga wannan zane, kowanne bai kai rabin awa ba: na Kirsimeti na 1965, na kabewa na 1966, da na ranar godiya (bikin cin abinci na iyali da Amurkawa ke yi a Nuwamba) na 1973. Kowane faifai kuma an ƙara masa wani katun ɗin a matsayin gyara, da ɗan gajeren shiri kan yadda aka yi aikin.

Niyyata mu zauna mu cinye su a dare ɗaya. Maƙwabciyarmu ce ta hana. Dattijuwa ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, yarana suna ce mata kaka. Da ta ga kwalin a hannun 'yata sai ta dafe ƙirji. Ta ce ita tana 'yar firamare ta kalli na Kirsimeti ranar da aka fara nuna shi, a talabijin mara kala, kuma tun daga nan ba ta taɓa tsallake shekara ba. Ta yi mana gargaɗi sosai, kamar mai ba da magani: kowanne a lokacinsa ake kallo, na kabewa a Oktoba, na godiya a Nuwamba, na Kirsimeti a Disamba, wanda ya haɗa su ya ɓata su. Na ga abin kamar son al'ada ne kawai, amma babba ta faɗa, muka bi.

Na kabewa muka fara. Halowin dai, ga wanda bai sani ba, dare ne da yara ke shigar dodanni suna bi gida-gida ana ba su alewa. Abu mafi kusa da shi a wurinmu tashe ne, sai dai babu waƙa babu ganga. A labarin, Linus, yaron nan mai yawo da bargo, ya yi imani akwai wani Babban Kabewa da zai ɓullo daga gona ya raba wa yara kyauta, don haka ya ƙi bin 'yan uwansa, ya kwana a gonar kabewa yana jira. Ya kuma yaudari Sally, ƙanwar Charlie Brown, ta zauna tare da shi. Babu abin da ya zo sai kare Snoopy. Shi kuwa Charlie Brown ya yanka wa zanen gadonsa ramuka birjik maimakon ido biyu, kuma duk gidan da suka shiga kowa ya samu alewa, shi dutse ake jefa masa a jaka. Sau uku.

Nan 'yata ta miƙe tsaye. "Abba, manya ne fa suke ba shi dutsen! Me ya yi musu?" Na ce ta zauna, a ƙarshe za a gyara. Ba a gyara ba. Haka aka ƙare, yaro da duwatsunsa, Linus da rawar sanyi. Ta yi fushi da ni kamar ni na rubuta. Washegari ta kai ƙara wajen kaka, ita kuwa ta yi dariya ta ce ai ba ke kaɗai ba ce, lokacin da aka fara nuna shi mutane daga sassan Amurka suka riƙa aiko da kwalayen alewa ta gidan waya, wai a ba Charlie Brown. Na bincika, haka ne, Schulz da kansa ya sha ba da labarin.

Ni abin da ya kama ni a wannan faifan wani ɗan guntun wuri ne da babu magana a ciki. Lucy, yayar Linus, wadda ta wuni tana zaginsa da wauta, ta farka ƙarfe huɗu na dare, ta ga gadonsa wayam, ta sa rigar sanyi ta fita gona, ta tarar da shi yana makyarkyata, ta jawo shi gida, ta cire masa takalmi, ta lulluɓe shi. Ko kalma ɗaya mai daɗi ba ta faɗa masa ba. Ina da yaya irin wannan a Fagge, ta san kanta.

Inda masoya suka rabu a kansa shi ne wurin Snoopy. Karen ya hau rufin ɗakinsa yana mafarkin shi matuƙin jirgin yaƙin duniya na ɗaya ne, aka harbo shi, ya yi ta rarrafe cikin ƙauyukan Faransa da dare. Kaka ta ce nan ne zuciyar fim ɗin, a dubi launin sararin sama kawai. Wani abokin aikina, matashi ne da ya tashi da katun na kwamfuta, ya ce cikon lokaci ne aka yi don labarin bai kai minti ashirin da biyar ba. Launin kam ya yi kyau, kamar an zuba shuɗi da jar ƙasa a ruwa. Amma autanmu a nan ya tashi ya tafi neman biskit, don haka ina ganin kowannensu da gaskiyarsa.

Na ranar godiya shi ne mai rauni a cikin ukun, ba zan ɓoye ba. Wata yarinya, Peppermint Patty, ta gayyaci kanta da ƙawayenta cin abinci gidan su Charlie Brown, shi kuwa kunya ta hana shi cewa a'a, aka ƙare da kare da tsuntsu suna gasa burodi da gugguru, aka jera wa baƙi a teburin wasan ƙwallon tebur a bayan gida. Uwargida ta ce ko a gidan gwauro ba a yi wa baƙo haka. An yi dariya, amma labarin ba shi da nauyin na farko. Akwai kuma wurin da ke tayar da ƙura duk shekara: Franklin, baƙar fata tilo a cikin yaran, shi kaɗai aka zaunar a gefe guda na teburin, a kan kujerar naɗewa, sauran suna ɗaya gefen da ƙarshen teburin. Ban ce wa yarana komai ba, ina so in ga ko za su lura. Ko minti ɗaya ba a yi ba 'yata ta ce, "Don me shi kaɗai?"

Masu kare fim ɗin suna da hujja mai ƙarfi. Schulz ya shigo da Franklin cikin zanen ne a ƙarshen Yuli 1968, watanni kaɗan bayan kisan Martin Luther King, sakamakon wasiƙar da wata malamar makaranta, Harriet Glickman, ta rubuta masa. Da aka fara ƙorafi, musamman daga kudancin Amurka, kan a daina nuna yaron a aji ɗaya da fararen fata, sai ya ce ko a buga yadda ya zana ko ya ajiye aikin. Mutumin da ya yi wannan ba za a ce ya zauna ya ƙulla wariya a teburin abinci ba. Na yarda da wannan. Amma ni baƙar fata ne mai rainon 'ya'ya a garin da sau da yawa su kaɗai ne irinsu a aji, kuma yarinya mai shekara tara ba ta san tarihin 1968 ba, abin da ta gani a allo shi ta gani. Su ma masu haƙƙin zanen sun ji a jikinsu, don a 2024 sun fitar da katun na musamman a kan Franklin, inda aka sake wannan zama aka kira shi ya dawo cikin 'yan uwansa. Sauran gardamar da ake yi a kan wannan faifan, wai don me aka nuna tsuntsu Woodstock yana cin naman talo-talo a ƙarshe, ban ga abin ɓata baki ba. Shaho ma tsuntsu ne.

Sai Disamba. Na Kirsimeti shi ne dalilin da zai sa mutum ya sayi kwalin, kuma shi ne wanda na fi jin tsoron sakawa, don mu ba ma bikin Kirsimeti. Iyaye Musulmi su san abin da ke ciki tun kafin su danna: wajen ƙarshe Linus ya tsaya shi kaɗai a dandamali, ya karanto Linjilar Luka, sura ta 2, aya ta 8 zuwa 14, labarin makiyaya da mala'ika da haihuwar Almasihu. Kusan minti guda ne, babu kiɗa, babu wasa. Uwargida ta tsayar da faifan a nan, muka yi wa yara bayanin Annabi Isa, alaihis salam, kamar yadda ya zo a Suratu Maryam, da inda muka yi tarayya da maƙwabtanmu Kirista da inda muka rabu, sannan muka ci gaba. Na fi son haka sau dubu da katun ɗin da zai ɓoye abin da yake nufi cikin jan kaya da kyaututtuka. Wannan ya faɗi addininsa a fili, ya bar ka ka faɗi naka.

Labarin kansa ɗan kaɗan ne. Kowa na murna, Charlie Brown shi kaɗai ransa a jagule, bai san dalili ba. Ya je rumfar Lucy, wadda ke karɓar santi biyar ta ba da shawarar likitan ƙwaƙwalwa, ta ce ya je ya jagoranci wasan kwaikwayon makaranta. Babu mai jin maganarsa. Aka aike shi sayen bishiyar ado, ana so ya kawo ta gwangwani mai ƙyalli irin wadda ake yayi a lokacin, shi kuwa ya ɗauko wata 'yar tsigiya mai zubar da ganye. Aka yi masa ele. Ƙanwarsa tana rubuta wasiƙa a aiko mata da tsabar kuɗi, karensa ya shiga gasar ƙawata gida don cin kyauta. Duk wanda ya taɓa ganin yadda kuɗin rago da ɗinkin Sallah ke hana magidanci barci har ya manta me ake yi wa bikin, ba sai an fassara masa ba.

Yadda aka yi fim ɗin ma labari ne, kuma ɗan shirin da aka ƙara a faifan ya ba da shi da kyau. Kamfanin Coca-Cola ne ya nemi a yi, aka ba su wata shida kacal. Lee Mendelson ya shirya, Bill Melendez, haifaffen Meziko da ya yi aiki a Disney, ya ja ragamar zane, kuma shi ne ke yin kukan Snoopy da bakinsa. Schulz ya kafe a kan abubuwan da a lokacin ake ganin hauka ne. Ya hana a saka dariyar nan da ake ɗauka a ajiye ana sakawa bayan kowane barkwanci. Ya ce sai an karanta Linjila. Aka kuma ɗauko yara na gaske su yi muryoyin, maimakon manya masu ƙanƙantar da murya, har wadda ta yi Sally ba ta iya karatu ba tukuna, gaɓa-gaɓa ake faɗa mata tana maimaitawa. Aka ɗora kiɗan jaz na Vince Guaraldi, fiyano da ganga da babbar garaya ta Turawa. Manyan tashar CBS da suka gani kafin a fitar, ba su ji daɗinsa ba, su kansu Mendelson da Melendez sun ɗauka sun kashe Charlie Brown. Ranar 9 ga Disamba 1965 aka nuna, kusan rabin masu kallon talabijin a Amurka a daren shi suka kalla, ya ci lambar Emmy da ta Peabody.

Abokin aikin nan nawa na ara masa faifan, ya dawo da shi da jerin laifuffuka. Zanen yana tsalle. Rassan bishiyar suna ƙaruwa suna raguwa daga wannan hoto zuwa wancan. Yaran da ke rawa motsi ɗaya suke ta maimaitawa. Muryoyin suna yankewa a tsakiyar jimla. Ga munafunci, in ji shi, fim mai zagin talla wanda kamfanin lemo ya biya kuɗinsa, har da sunan lemon a ciki a fitowar farko kafin a yanke daga baya. Sannan yaran mugaye ne, kuma babu wanda ya ba Charlie Brown haƙuri, bishiyar kawai suka yi wa kwalliya. Na koma na sake kallo da wannan jerin a hannu, duk abin da ya lissafa yana nan. Rassan ma na ƙirga.

Sai dai ban ga ya rage komai ba. Wannan yankewar murya ita ce ta sa autanmu ya juyo ya ce yarinyar tana magana kamar 'yar ajinsu. Shirun da ake bari bayan an ci wa yaro fuska, da an cike shi da dariyar aro, da ya zama abin dariya, amma da aka bar shi, ciwon ake ji. Yarana sun saba da katun da jarumi ke faɗuwa a minti na goma ya yi nasara a na ashirin. Nan kuwa yaro ne da ba a aiko masa katin gaisuwa ko ɗaya ba, ba a gyara halin abokansa ba, gobe ma za su sake. 'Yata, wadda ta sha zama ita kaɗai a teburin cin abinci a shekararta ta farko a makaranta, ba ta ce uffan ba har aka gama, sannan ta ce a mayar daga farko. Maganar rashin ba da haƙuri kuwa, ni a inda na tashi ba kasafai yaro ke buɗe baki ya ce yi haƙuri ba. Zuwa yake ya kama maka aikin da kake yi, ka gane.

Kaka tana da nata karatun. Ta ce in lura, daidai inda mala'ika ke ce wa makiyaya kada su ji tsoro, Linus ya saki bargon da ba ya rabuwa da shi. Na duba, ya saki ɗin. Ta ce da gangan aka yi, abokin aikina ya ce hannu biyu kawai mai zane yake buƙata. Wannan gardamar na bar musu.

Game da gyaran da aka ƙara, na Kirsimeti na 1992 tarkacen gajerun barkwanci ne da aka ɗinke, babu zaren labari, kuma Guaraldi ya rasu tun 1976, wani ne ya sake kaɗa waƙoƙinsa, kunne yana ji. Na jirgin Mayflower na 1988, wato jirgin ruwan da ya kai wasu Turawan Ingila Amurka, darasin tarihi ne, har da manya ana ganin fuskarsu suna magana, abin da masoyan asali ke ƙi, don a duniyar Schulz babba ba ya fitowa, in ma zai yi magana sai dai a ji kakakin Turawa yana gunaguni. Sau ɗaya muka kalle su.

Hoton fes yake, an wanke shi, amma mai kusurwa huɗu ne irin na tsohuwar talabijin, don haka za ka ga baƙi a dama da hagu. Kar ka ja shi ya cika allo, kan Charlie Brown ya ishe shi girma. Akwai rubutun Turanci a ƙasa, ya taimaki uwargida wajen kalmomin Linus, don yaron yana magana kamar lauya. Faifan godiya ya zo da ƙarzuwa, yana maƙalewa daidai inda kare ke kokawa da kujera, wannan kuwa halin gwanjo ne, ban koma shagon ba.

Me ya sa faifai a wannan zamani? CBS ta riƙa nuna na Kirsimeti da na kabewa kyauta kowace shekara har 2000, ABC ta karɓi duka ukun daga 2001, sai a 2020 suka koma Apple TV+ ta intanet. Masoya suka yi ca, aka yi ta sa hannu a takardar koke, har aka bar tashar PBS ta nuna su a 2020 da 2021. Yanzu akan buɗe su kyauta na 'yan kwanaki a lokacin bikin, sauran shekara sai mai biyan kuɗin wata. Kaka ta ce abin da ta rasa shi ne sanin cewa duk unguwa abu ɗaya ake kallo a dare ɗaya. Wannan faifai ba zai dawo mata da shi ba. Amma ga mai yara, dala shida sau ɗaya ta fi mini sauƙi, ko sabo ne ma zan saya, saboda na kabewa da na Kirsimeti. In yaronka bai kai shekara biyar ba, jira tukuna, zai gaji.

A Janairu ina gyara kanta na ɗauko kwalin na ji ya ƙi buɗuwa. Da na ɓamɓare shi da ƙyar sai na tarar da alewa guda biyu, irin ta Halowin, sun narke sun manne a jikin faifan kabewa, ga 'yar takarda da rubutun 'yata, ta sa sunan Charlie Brown. Na kira ta.

"Abba, ai kaka ta ce ana aika masa."

Da ruwan ɗumi da tsumma na wanke faifan. Yana yi, sai dai yanzu shi ma yana ɗan tsayawa a wajen Faransa.